Yadda Ake Sauraron Jerin Tsofaffin Waƙoƙin Makaɗan Hausa

A kwanakin baya na miƙa katin wayata ga wani mai tura waƙoƙi a kasuwa, na ce ya zuba mini tsofaffin waƙoƙin makaɗan Hausa iya abin da ya samu. Ya zuba mini abin da ya haura waƙa ɗari biyu, na dawo gida ina murna, na kunna su a cakuɗe ina wasu ayyuka, amma kafin kwana uku sai na ji duk sun gundure ni, har na fara zargin cewa kwarjinin da suke da shi a zuciyata na ƙuruciya ne kawai. Daga baya na gane laifin nawa ne. Waɗannan waƙoƙi an yi su ne domin wani mutum takamaimai, a wani wuri, a wata rana, a gaban mutanen da suka san abin da ake magana a kai, saboda haka wanda ya saurare su kamar yadda ake sauraron kiɗan da ke tashi a shagon aski, sauti kawai zai ji. Abin da zan bayyana shi ne hanyar da na bi a karo na biyu, wadda ta ɗauke ni kusan wata guda, kuma ita nake ba duk wanda ya mallaki irin wannan jeri shawarar ya bi.

Aikin farko, tun kafin a kunna komai, shi ne gyara jerin. Masu tura waƙa ba su damu da suna ba, don haka za ka tarar da waƙar Musa Ɗanƙwairo an rubuta mata sunan Narambaɗa, ko waƙa guda ta zo sau uku da sunaye daban-daban, ko a yanke wata a tsakiya saboda kaset ɗin da aka kwafo ta daga ciki a nan fuskarsa ta ƙare. Ka saurari minti ɗaya na farkon kowace waƙa, ka goge maimaici, ka ware waɗanda kake shakkar mai su a wuri guda. Bayan haka ka kashe madannin nan da ke sa waya ta riƙa zaɓo waƙa da kanta. Ba abin da ke kashe armashin waƙar fada kamar ta ƙare cikin natsuwarta, sai kuma nan take kiɗan ƙwarya na gidan biki ya faɗo maka a kunne.

Da ka gama wannan, sai ka rarraba waƙoƙin bisa kayan kiɗa. Na gwada rarrabawa bisa sunan makaɗi, na gwada bisa shekara, amma na ga kayan kiɗa sun fi, domin a ƙasar Hausa abin da makaɗi ke kaɗawa yana nuna wanda yake yi wa waƙa. Kotso da taushi da jauje na fada ne, nan za ka tara Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a ɓangaren kotso, ka tara Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo da Sarkin Taushin Katsina a ɓangaren taushi. Kalangu na jama'a ne da masu sana'a da 'yan wasan ƙarfi, nan Mamman Shata yake, nan Ɗan Anace yake. Sai masu tsirkiya, wato kuntigin Ɗanmaraya Jos, da gurmin Haruna Uji, da kukumar su Ahmadu Doka da Hassan Wayam. Sai kiɗan ƙwarya na mata, inda Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada suke. Idan kunnenka bai saba bambance gangunan ba, ka lura da cewa kalangu fuska biyu gare shi, ana rataya shi a matse tsirkiyoyinsa a hammata, ana bugunsa da makaɗi mai lanƙwasa, shi ya sa sautinsa ke hawa da sauka a fili, yayin da kotso da taushi fuska ɗaya gare su kuma da hannu ake kaɗa su, sai sautinsu ya fito a dunƙule, mai taushi da nauyi.

Kada ka fara da waƙoƙin fada, ko da yake su ne mafi daraja a jerin. Ka fara da Ɗanmaraya. Dalilina shi ne mutum ɗaya ne da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba maroƙi, Hausarsa kuma ta gari ce wadda kowa ke ji, don haka kunne zai samu damar koyon abu guda kafin a haɗa masa da yawa. Abin da za ka koya a wurinsa shi ne yadda abin kiɗa ke karɓar magana. Yakan faɗi jimla, sai ya yi shiru ya bar kuntigin ya maimaita ta ko ya ƙarasa ta, kuma wannan yana yiwuwa ne saboda Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace kalma tana da hawa da saukarta, wadda tsirkiya ko fata ke iya kwaikwaya. Ka saurari waƙarsa ta karen mota sau biyu: a karo na farko ka bi maganar, a karo na biyu ka yi watsi da maganar ka bi kuntigin kaɗai. Ni a nan na fara jin cewa ashe ba kiɗan rakiya nake ji ba, murya ta biyu ce. Abin da ya fi taɓa ni a waƙoƙinsa shi ne mutanen da ya zaɓa ya yi magana a kansu, yaran mota da ma'aurata masu faɗa da marayu da talakan da ba ya da abin ba maroƙi, kuma bai yi musu da murya mai tausayi fiye da kima ba, yana faɗar halinsu ne yadda yake, da ɗan barkwanci. Ya rasu a 2015, saboda haka da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu sun riske shi, kuma wannan ma yana sauƙaƙa shiga.

Daga nan sai Shata, kuma a nan ya kamata ka ware kwanaki, domin kusan kowane jeri da na taɓa gani rabinsa Shata ne. Tsarin waƙarsa mai sauƙin ganewa ne: akwai gindin waƙa, wato amshin da 'yan amshi ke maimaitawa ba canji daga farko har ƙarshe, sannan akwai ɗiyan waƙa, wato maganganun da shi yake jefawa tsakanin amshi da amshi. Wanda bai saba ba yakan ce maimaici ya yi yawa, kuma ni ma na faɗi haka a kwanakin farko. Hanyar da za ka bi ita ce ka ɗauki amshin a matsayin turken da aka ɗaure dabba, ka daina sa masa ido, ka koma kallon tsawon igiyar. Wani ɗan waƙar kalma biyar ne, wani kuma sai ya ja shi har ka yi zaton ya manta da 'yan amshinsa, ya ambaci garuruwa da mutane da kyaututtukan da aka yi masa, ya yi wa wani habaici, sannan ya sauko daidai inda kalangu ke jiransa, amshin ya shigo ba tare da an yi tuntuɓe ba. Wannan saukowar ita ce gwanintar, kuma ita za ka riƙa jira. Idan jerinka yana da waƙa guda da aka ɗauka a lokuta biyu, misali ɗaya a ɗakin rediyo ɗaya a filin wasa, kada ka goge ko ɗaya duk da shawarar da na bayar ta goge maimaici, domin za ka tarar amshin ɗaya ne amma ɗiyan sun bambanta, kuma a nan za ka tabbatar da cewa mutumin yana shirya maganarsa ne a tsaye a gaban jama'a. Ban yi mamaki ba da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa a 1999.

Akwai murya ta uku da za ka riƙa ji a waƙoƙin kalangu da na fada, wadda ke kutsowa da ƙarfi tana kirari ko tana sanar da kyautar da wani ya yi. Wannan maroƙi ne, wasu kuma suna ce masa sanƙira. Sababbin masu sauraro sukan ɗauke shi a matsayin mai hayaniya, har na ga wasu sun yanke shi daga waƙa da na'ura, wanda a ganina ɓarna ce. Shi ne ke gaya maka wanda ke wurin, da abin da aka bayar, da asalin wanda ake yabo. Ta bakinsa ne ma za ka iya ƙiyasta shekarun waƙa.

Wannan batu na shekaru yana da daɗi, kuma ina so ka mayar da shi al'ada. Ka riƙe ɗan littafi da alƙalami, duk waƙar da ka saurara ka rubuta alamun zamanin da ka ji a cikinta. Idan an ambaci fam da sule da sisi a matsayin kuɗin da ake kashewa, to akwai alamar an yi waƙar kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam, aka canza fam ɗaya a kan naira biyu, sai dai ka yi hattara domin tsofaffi sun ci gaba da lissafi da fam shekaru da yawa bayan haka. Idan ana yabon Sardauna Ahmadu Bello a matsayin Firimiya mai rai, to kafin 15 ga Janairun 1966 ne. Waƙoƙin ƙarfafa wa soja gwiwa yawancinsu na yaƙin basasa ne, tsakanin 1967 da 1970. Waƙar da ke gargaɗin direbobi su koma hannun dama ta 1972 ce, wadda ke kiran a kai yara makarantar firamare kyauta tana da alaƙa da shirin da aka ƙaddamar a 1976, kuma waƙar Shata ta kumbon Apollo 11 ba ta yiwu a ce ta riga 1969 ba. Kalmomi irin su En'e (hukumar gargajiya) da lardi da Razdan (mai kula da lardi) da Di'o (mai kula da gunduma) suna nuna zamanin Turawa ko shekarun farko na mulkin kai. Sarautar da aka kira mutum da ita ma alama ce. Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi yana Sarkin Kudu, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996, saboda haka wanda ya ji Sarkin Kudu a bakin Faru ya san da wa ake. Tsawon waƙa ma yana magana: tsohon faifan garmaho mai juyawa sau 78 a minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska, shi ya sa wasu waƙoƙin ke ƙarewa a gaggauce kamar an kori makaɗin, yayin da waɗanda aka ɗauka a rediyo ko a kaset ke sakewa su kai minti ashirin ko fiye.

Sai ka kai mako na biyu ko na uku sannan ka shiga fada. A nan abin da zai fara tare ka shi ne harshe, domin manyan makaɗan kotso da taushi yawancinsu mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi ne, kuma da karin harshensu suke waƙa. Mutumin Kano ko Zariya ko Bauci yana bukatar ya san 'yan abubuwa kafin ya fara: inda shi zai ce suka, muka, aka, su za su ce sunka, munka, anka, inda zai ce ne da ce, su na da ta suke cewa, ya zo takan zama yaz zo, ta tafi ta zama tat tahi, kuma harafin f yakan koma h ko hw. Da ka riƙe waɗannan, rabin duhun ya yaye. Sauran rabin kuma na tsarin amshi ne, wanda ya bambanta da na Shata ƙwarai. A waƙar fada 'yan amshi ba gindin waƙa kaɗai suke maimaitawa ba, jagora yakan fara jimla ya ajiye ta a tsakiya, su kuma su karɓe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari, abin da ke nuna cewa an zauna an shirya waƙar a gida an haddace ta kafin a kai ta gaban sarki. Saboda haka idan ka bi muryar jagora kaɗai, rabin magana za ka ji. Ka saurari jagora da 'yan amshi a matsayin baki ɗaya.

Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, shi ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ne na fi komawa gare shi. Ɗaukar waƙoƙinsa tsohuwa ce, akwai shuu a cikinta, muryoyin sun ɗan dusashe, amma duk da haka idan ka natsu za ka ji mutum mai auna kalma kamar mai awon zinariya. Yakan kawo misali daga dabba ko ruwa ko ƙarfe ya bar shi ba fassara, sai bayan ɗiya biyu ko uku ka gane inda ya dosa. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya fi shi sauƙin shiga saboda zaƙin murya da kyawun ɗauka, kuma haɗin muryoyin 'yan amshinsa yana daga cikin abin da ya fi daɗi a duk jerin da na saurara. Shawarata ita ce ka fara da Ɗanƙwairo, ka bi da Sa'idu Faru, ka zo Jankiɗi, wanda ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku hidima, sannan ka rufe da Narambaɗa. Na san akwai masu ganin wannan jeri ya juya tarihi a baibai, tun da Narambaɗa ya girmi Ɗanƙwairo da Faru, amma ni kunne nake lallashi.

A waƙoƙin fada ne za ka fi cin karo da zambo, kuma a nan littafinka ba zai wadatar ba. Makaɗin fada aikinsa biyu ne, ya ɗaukaka ubangidansa ya kuma ƙasƙantar da masu neman gadonsa, waɗanda galibi 'yan'uwan sarkin ne na jini. Ba ya kiran suna. Zai ce wani mai ƙaton ciki, ko ya kira shi da sunan wata dabba, ko ya siffanta rawaninsa da tafiyarsa, jama'ar da ke wurin kuwa kowa ya san wanda ake nufi, shi ya sa wani lokaci za ka ji dariya ta tashi a bayan kiɗa ba ka ga abin dariya ba. Maganin wannan shi ne ka nemi dattijo, musamman ɗan yankin da aka yi waƙar, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, ina so in kunna maka wata waƙa ka warware mini ita." Na yi haka da wani dattijo a unguwarmu, waƙar minti goma ta ɗauke mu fiye da sa'a ɗaya, domin kowane ɗa sai ya ce in tsayar, ya ba ni labarin gidan da ake magana a kai. Abin da ya gaya mini game da wanda aka yi wa zambon kuwa na bar shi a cikina, kuma kai ma haka ya kamata ka yi, domin jikokin mutanen nan suna raye.

Waƙoƙin maza ba sa bukatar dogon bayani, suna bukatar lasifika ne da fili. Ɗan Anace yana yi wa 'yan dambe, kuma waƙoƙinsa na Shago da Ɗandunawa su ne aka fi sani. Kassu Zurmi yana yi wa 'yan tauri da mafarauta. Abin lura a nan shi ne take, wato kiɗan da aka keɓe wa mutum ɗaya wanda da ya ji shi ya san shi ake kira, da kuma yawan ambaton mutuwa da kabari, wanda hanya ce ta cire wa ɗan wasa tsoro kafin ya shiga fage. Kada ka saurare su da daddare kana shirin barci.

Kiɗan ƙwarya na ajiye shi kusa da ƙarshe, kuma na yi nadamar rashin ba shi lokaci tun da wuri. Amada, wato wannan kiɗan ƙwarya, kiɗan cikin gida ne, na suna da biki, inda ake kifa ƙore a ƙasa, wata kuma a kifa ta a kan ruwa, ana bugawa da 'yan sanduna. Barmani Coge, 'yar Funtuwa wadda ta rasu a 2013, tana magana da mata ne kai tsaye a kan sana'a da kishi da haihuwa da raggon miji, da irin kalmomin da mata ke faɗa idan ba namiji a kusa. Wanda ya shafe makonni yana jin yabon sarakuna da attajirai, idan ya iso nan sai ya ji kamar an buɗe masa wata ƙofa ta gidan da ya daɗe yana zaune a zaurensa. Sai dai ka tace tun da wuri, domin a cikin amada da wasu waƙoƙin kalangu da kukuma na dandali akwai batsa a fili, akwai kuma yabon shaye-shaye, waɗanda ba za ka so su tashi a mota kana tare da surukinka ko 'ya'yanka ba. Ka yi musu jeri na daban.

Game da na'ura, abu biyu kawai zan ce. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan sautin ganga, sai ta bar ka da murya da ƙarar ƙarfe, don haka ka nemi abin sawa a kunne ko ƙaramar lasifika mai kyau. Kuma kada ka ƙara nauyin sauti da nufin gyara tsohuwar ɗauka, domin hakan yana binne muryar 'yan amshi, waɗanda da ma nesa suke da makirufo. Waƙa uku ko huɗu sun isa zama ɗaya, kowace a saurare ta sau biyu, kuma lokacin da ya fi mini shi ne bayan sallar isha'i, sa'ad da gida ya yi tsit.

Waƙoƙin da ka ware tun farko saboda shakkar mai su, yanzu ne lokacin komawa kansu. Bayan makonnin nan za ka ga kana gane yawancinsu tun kafin a buɗe baki, daga bugun farko na kotso ko jan farko na kukuma, sauran kuma karin harshe da sunan ubangidan da aka ambata za su nuna maka. Cikin goma sha huɗu da na ware, na gano masu goma sha ɗaya da kaina, dattijon nan ya gano mini biyu. Ɗayar da ta rage waƙar noma ce ta minti shida, muryar wani tsoho da ganga ɗaya da yara biyu suna amshi, yana yabon wani manomi da ya kai dami dubu, kuma na sake mata suna a wayata na rubuta "manomin dami dubu" domin in riƙa samunta da sauri.